Gonar Luba a Kangon Iya

Shekaranjiya da la'asar aka yi ruwan farko a nan Isa, irin mai zuwa da iska ya kwashe shanya ya kai gidan maƙwabta. Ƙanshin ƙasa kawai na shaƙa na ji jikina ya saki, har gwiwar nan da ke damuna ta manta da ni. Jiya da hantsi ina zaune bakin ƙofar ɗaki ina tsinke zogale, sai ga jikokina biyu sun faɗo tsakar gida da gudu, uwarsu Luba na biye da su da silifa a hannu, ɗankwali ya zame, goyo na reto a bayanta. Wai waken da ta ajiye na ƙosan da take sayarwa a ƙofar gida, shi suka ɗiba suka je bayan banɗaki suka tona ramuka suka shuka. Yaran suka maƙale a bayana. Ni kuwa dariya ta kama ni har zogalen ya zube, Luba ta tsaya tana huci, ta ce ashe yau ita ce abin dariya.

Ba ita nake wa dariya ba. Wata damina na tuna ta can Gangara, lokacin da ita Lubar ba ta fi waɗannan tsawo ba.

A shekarar yara uku ne a hannuna. Ta farin tana Bafarawa wurin mahaifiyata tun da aka yaye ta. Luba na famfarar haƙori, baki duk giɓi, tambaya kuwa kamar an aiko ta. Sai Bello mai bi mata, wanda wando ba ya zama a jikinsa, magana ba ta zama a bakinsa. Sai Nasiru a goye, yana fitar da haƙori, ga zawo ga kuka. Babansu ya tafi cin rani Kurmi yana sayar da ruwa. Kullum kafin ruwan farko yake dawowa, amma a shekarar nan ciwo ya kwantar da shi can. Saƙo ya zo mini ta bakin wani ɗan garinmu da ya dawo: in ruwa ya sauka in shuka gero, irin dawa kuwa in riƙe shi sai ruwa ya zauna sosai. Gida ya zama daga ni sai su, sai Gwaggo Tumba, ƙanwar mahaifin maigidan, da katanga ɗaya ta raba mu.

Wanda bai yi bazara da ƙananan yara uku shi kaɗai ba, ban san yadda za ni kwatanta mashi ba. Tun kafin rana ta fito zafi ya riga ya tashi. In na idar da salla sai in saɓa Nasiru in ɗauki tulu, don rijiyar unguwarmu ta ja baya, sai an jira ruwa ya taru a ƙasa sannan a zura guga, ya fito rabi ruwa rabi laka. In dawo in tarar Bello ya tsoma hannu cikin kunun da na rufe, ko ya saki akuya ta shiga ɗaki tana cin tabarma. In ɗora taɓarya bisa turmi, Nasiru ya fasa kuka. In zauna ba shi nono, Luba ta tsuguna gabana tana tambayata me ya sa kaza ba ta fitsari. Akwai ranar da na tsinci kwaɗo yana iyo cikin randa, Bello ya ce ƙishirwa ya ga yana ji. Na yi faɗa a bazarar nan har muryata ta dushe, Gwaggo Tumba ta leƙo ta kan katanga ta ce in rage, kada awakin unguwa su fara amsa mini.

Rumbu kuwa ya kusa kai ƙasa. In na aika Luba ta shiga ɗebo zangarniya, muryarta sai ta fito daga can ciki kamar daga rijiya. Na ware irin gero daban. Irin dawa kuma, kaura ce da maigidan ya gada wurin mahaifinsa, na sussuke shi na cuɗa da toka saboda ƙwari, na zuba cikin wata tsohuwar kwalla ta kayan aurena, na rufe, na tura can ƙarƙashin gado. Ba don ɓarawo na ɓoye shi ba. Don kaina na ɓoye, saboda na san akwai ranar da yara za su yi kukan yunwa, idona ya faɗa kan kwallar.

Ruwan farko ya zo mana da yamma. Gabas ta yi baƙi, iska ta taso, kafin in kwashe itace ya sauko. Luba da Bello suka tuɓe suka shiga tsakiyarsa suna tsalle, ni ina jera ƙorai da bokiti a bakin indararo ina yi masu tsawa, amma bakina ya ƙi rufuwa don murna. Da safe garin kaf ya fita. Mu can ba a zaunar da mace a gida ranar shuka. Na ɗauki sungumin maigidan, abin da ban taɓa riƙewa ba, ina sara ina tafiya, Gwaggo Tumba na biye da ni tana zuba iri tana rufewa da dunduniya. Ƙasa ta yi laushi, ƙafa na nutsewa, ta ko'ina kana jin gaisuwa da dariya daga gonakin maƙwabta.

Luba ta nace sai ta zuba iri. Na ba ta ɗan koko. Da na waiwaya sai na ga abin da take yi: kowane rami cikin tafin hannu take zubawa, wai don geron ya fito da yawa. Na karɓe kokon, na kwance Nasiru na ɗora mata, na ce ta je ƙarƙashin gawo ta zauna da shi, shuka ba aikin yara ba ce. Ta tafi tana jan ƙafa. Da muka tashi komawa gida, ba ta ko dube ni ba ta ce:

“Inna, ni ma za ni yi tawa gona.”

“Ki yi,” na ce mata. “In ta nuna ki kira ni girbi.”

Na faɗa ne na wuce, kafin mu kai gida na manta.

Geron ya tsiro kyakkyawa, layi-layi, sai ka ce an zana. Daga nan sama ta ɗauke. Aka yi kwana da kwanaki, hadari ya haɗu da la'asar, iska ta watsa shi. Zafin ya dawo ya fi na da. Ina zuwa gona da safe in ga shukar ta nannaɗe ganye, bayan 'yan kwanaki ta yi ja, daga baya iska ta turo yashi ta rufe ta. Maza suka fita roƙon ruwa bayan gari, yara suka zaga unguwa ana ba su sadakar gumba. Rannan na tsuguna a gona na ja wata shuka, ta biyo hannuna ba ko gardama, busasshiya kamar tsintsiya. Irin gero ya tafi ke nan, ba ni da wani. Abin da ya rage tsakaninmu da yunwar shekara guda shi ne kwallar nan ta ƙarƙashin gado.

A cikin wannan farin ne yarana suka canza hali, ni kuma gajiya ta hana ni lura da kyau. Da farko ruwan randa ne ya fara ƙarewa da wuri. In cika ta da safe da wahalar da Allah kaɗai ya sani, kafin azahar moɗa na karo da ƙasa. Na juya randar na duba gindinta, ba tsaga. Na zargi akuya, na zargi zafin rana, har na fara zargin kaina ko ni ce ba na cikawa. Sai tsohuwar zanar da na jingine bayan madafa ta ɓace. Sai guntun kwashe, wato 'yar fartanya, da nake kwashe toka da shi. Abin da ya fi ba ni mamaki, tsakar gida ta fara yin fes. Luba da ake jan kunnenta kafin ta ɗauki tsintsiya, ita ce ke tashi tana share kashin awaki tana tarawa cikin fasasshen kwano, Bello na taya ta. Har na je ina yi wa Gwaggo Tumba alfahari, na ce yarinya ta fara hankali. Gwaggo ta ce Allah ya sa.

Da hantsi kuma sai su ɓace, gida ya yi tsit. Uwar da ta samu shiru ba ta tambayar daga ina ya zo. Sai in lallaɓa in kwantar da Nasiru, in yi surfe, wani lokaci har in ɗan miƙe bayana bisa tabarma. Wata rana ina tankaɗe, Bello ya zo ya jingina da ni, hannu duk laka.

“Inna, dawa da sahe taka shan ruwa ko da marece?”

Kafin in buɗe baki Luba ta finciko shi ta ce ya zo su tafi wasa. Na ce masu ai dawa ruwan Allah take sha, su ba ni wuri. Yau in na tuna tambayar nan sai in ce lallai gajiya makanta ce.

A can ƙarshen gidanmu, bayan banɗaki, akwai kangon ɗakin Iya, mahaifiyar maigidan. Tun da ta rasu rufin ya rufta ciki ya ruɓe, katangu kawai suka tsaya. Ruwan wankanmu ta gindin katangarsa yake bi ya shige. Na hana yara zuwa wurin saboda maciji, ni kaina ba na bi ta nan. A tunanina tun da na hana, an hanu.

Abinci ya koma sau ɗaya a wuni, sai kunu tsararo da safe. Ina tsinko ganyen yaɗiya da zogale in dafa in kwaɗa da ɗan ƙuli. Nonona ya ragu, Nasiru ya ja ya ja ya saki ya yi kuka. Sau nawa ina zama bakin gado in ji dunduniyata ta taɓa kwallar, in janye ƙafa. Ban taɓa jawo ta ba, don na san in na buɗe, sai ta ƙare a tukunya.

Sai ga ruwa ya dawo, kuma ba da wasa ba. Tun azahar garin ya yi lumshi, iska ta tsaya cak, ko ganye ba ya motsi. Can sai tsawa, sai ya ɓalle kamar da bakin ƙwarya. Mata na guɗa ta kan katanga, Gwaggo Tumba da tsufanta ta fito tsakar gida tana ɗaga hannu sama, ruwa na dukan fuskarta. Ni ma na shiga cikinsa da goyona, na jiƙe sharkaf, ina dariya ina hawaye. Ya kwana yana yi. Da gari ya waye sama ba ta washe ba, yayyafi na sauka a hankali, masu sauran iri sun fara wucewa da sungumi a kafaɗa. Na ce yau ranar kaura ce. Na durƙusa na miƙa hannu ƙarƙashin gado na jawo kwalla da ƙarfina, sai ta taho fayau, har na kusa faɗuwa da baya.

Na buɗe. Toka ce a ƙasa, da 'yan ƙwayoyin da ba su cika tafin hannu ba.

Ban san tsawon lokacin da na yi a durƙushe ba. A raina na ga rumbu wayam, na ga fuskar maigidan in ya dawo da ciwo a jiki ya tarar da gona fili, na ga kaina ina bin gidaje da ƙwarya. Ba ɓera ba ne, don murfin na rufe ruf. Na fito da kwallar a hannu. Luba da Bello na tsugune bakin murhu suna jiran kunu. Luba na ganin kwallar ta sunkuyar da kai.

“Wa yat taɓa kwallar ga?”

Na je gindin dogon yaro na karyo tsumagiya, na zage ganyenta. Wallahi ban taɓa jin fushi irin na ranar ba. Bello ya fashe da kuka tun ban ɗaga hannu ba, ya ce ba shi ba ne, Luba ce ke ɗebowa, shi ruwa kawai yake kaiwa da gwangwani, kuma kaɗan ya tauna. Na ce ruwa ina? Ya nuna bayan gida.

Na tasa su gaba har kangon Iya. Ga zanata an tare ƙofa da ita, an danne da duwatsu, an jera ƙaya a gindi don awaki. Na fizge zanar na jefar.

Kore ne ya bugi idona. Daga wannan katanga zuwa waccan, ɗakin Iya ya cika maƙil da shukar dawa, ta kusa kai gwiwar Bello, ganye na ɗigar ruwa, ba wurin da za ka sa ƙafa. Wata guda ina kallon gonaki jajaye, na manta akwai kore irin wannan a duniya. Ga guntun kwashena a gefe, ga gwangwanayen madara, ga fasasshen kwanon kashin awaki. Na tsaya baki buɗe. Amma murna ba ta zo ba, don na san dawar da ta cunkushe haka ba ta yin kai, ciyawa ce kawai. Irin shekara guda an watsa shi a ɗaki ɗaya. Na juyo kan Luba na ɗaga tsumagiya. Ba ta gudu ba. Ta runtse ido ta ce cikin giɓinta:

“Ke kinka ce in yi.”

Kukan Bello ne ya jawo Gwaggo Tumba. Ta zagayo da sandarta tana tambayar wa ya mutu. Ta leƙa kangon. Ta duƙa da ƙyar ta kama shuka ɗaya ta ja a hankali, ta fito da saiwarta fara tas da laka a jiki. Ta jujjuya ta, ta murza karan da yatsa. Sai na ga kafaɗunta na rawa. Dariya take yi.

“Aje tsumagiyar ga, ɗiyata. Wanga ba ɓarna ba ta, dashe na. Ɗauko kwanoni tun ƙasa ba ta sha iska ba.”

Na san ana cire dawa inda ta yi yawa a cike gurbin da bai tsiro ba, kowa na yi. Amma gona sukutum da dashe, ban taɓa gani ba. Gwaggo ta ce ita ta gani tana yarinya, kuma in ba ni da wata dabarar da ta fi wannan, in daina tsayuwa kamar turmi. Ta ce masu shuka yau sai sun jira tsiro, mu kuwa tamu ta riga su da kusan wata.

Hannuna na sama har lokacin. Na dubi kangon, na dubi yaran. Fushin bai tafi ba, amma ba lokacinsa. Na soke tsumagiyar cikin bunun rufin madafa, na nuna su da yatsa.

“Dukan da za ni yi maku na nan aje. Sai an ƙare aiki.”

Daga nan gidan ya kacame. Gwaggo ta zauna bakin kango tana koya mana: a kama daga gindi, a ja a hankali, a bar lakar a jikin saiwa. Ita kuma tana tara su dami-dami tana datse kan ganyen da wuƙa, wai don kada rana ta shanye su. Muka cika kwanoni da bokiti har da kwallar kanta, muka rufe da jiƙaƙƙen buhu. Na goya Nasiru na ɗaure da majanyi biyu, na ɗora babban kwano a kai, Luba ta ɗauki ƙarami, Bello ya rungumi nashi dami a ƙirji, ba wando. Haka muka ratsa gari cikin yayyafi. Mutane na tsayawa suna kallo, wata ta tambaye ni ko albasa na koma nomawa. Na ce ta biyo ni ta gani.

A gona ina sara rami, Luba na saka shuka biyu, Gwaggo na dannewa da dunduniya. Wannan karon ban kore ta gindin gawo ba, kuma biyu-biyu take sakawa, ba ƙari. Bello aikinsa miƙo dami, rabin lokaci kuma yana bin kwaɗi. Laka ta yi mana takalmi, bayana kamar zai ɓalle, Nasiru ya yi kuka ya gaji ya yi barci ruwa na ɗiga a kansa. Amma wani ƙarfi ne ya shige ni, ina sara ina 'yar waƙa, abin da na daɗe ban yi ba. Muka yi sawu muka koma muka sake, kangon kamar ba a taɓa shi ba.

Washegari labari ya zaga unguwa. Matan da su ma irinsu ya ƙone suka zo kallo, kallo ya koma aiki. Muka yi layi a gona, masu sara na sara, masu dasawa na dasawa, ana tsokanar Luba ana kiranta sarkin noma, ita kuwa ko murmushi. Ba ni da abin da za ni dafa wa masu gayya in ban da kunun kanwa tsararo, amma ba wadda ta yi ƙorafi, don da gonarmu ta cika, kowace ta koma kangon ta cika kwanonta ta kai tata. Sai da aka tsince ɗakin Iya tas, ya koma laka da sawun ƙafa.

Sai kuma dashen ya kwanta. Na je da safe na tarar da shi duk ya yi laushi ya baje bisa ƙasa kamar an zuba mashi ruwan zafi. Masu wucewa na girgiza kai. Na dawo na zauna bakin murhu na kasa ko hura wuta. Gwaggo ta ce haka yake yi, suma ce ba mutuwa ba, in bar shi. Ban yarda da ita ba, amma ba ni da zaɓi. Aka ƙara ruwa. Bayan 'yan kwanaki na aiki Luba gona ta tsinko mini tafasa, sai ga ta ta dawo da gudu ba kwano ba tafasa, numfashi na sarƙe ta, ta ce sun tashi. Na fita ko mayafi ban ɗauka ba. Daga nesa na hango su tsaye, kowanne ya fitar da sabon ganye daga tsakiya, layi bayan layi har ƙarshen gona. Na yi guɗa ni kaɗai a tsakiyar daji, har Nasiru ya firgita.

Maigidan ya dawo ana noman farko, ya rame, da rabin buhun garin rogo a kai. Ta gona ya biyo kafin ya shigo gida. Ya tarar da kaurar mahaifinsa ta fi ta kowa tsawo, ya tambaye ni yaushe na shuka ta haka. Na ce ya tambayi manyan manoman gidansa. Da ya ji labarin ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ɗaga Bello sama. Luba ta tsaya daga nesa tana kallona.

Ba za ni ce daminar ta yi daɗi ba. Dawa ba ta sauri, kuma ciki ba ya jira. Garin rogon ya ƙare, muka koma tafasa da rama. Abin da ya riƙe mu, matan nan da suka ɗebi dashe ba su manta ba: wadda mijinta ya samu irin gero ya sake shukawa, da ya nuna sai ta aiko da 'yan zangarniya, wata wake, wata kabewa. Da kaurar ta fitar da kai tsuntsaye suka taso mata, yara suka koma gona da gwangwanayen nan nasu, an zuba tsakuwa ciki, suna kaɗawa suna ihu tun safe. Ruwa ya ɗauke da ɗan wuri a shekarar, amma tamu ta riga ta cika ido.

Duk tsawon lokacin Luba ta zama wata iri. In na kira ta, kafin in rufe baki ta iso. Ta daina tambayoyinta. In za ta wuce ta gaban madafa sai ta ɗan rakuɓe ta bi gefe. Na ɗauka girma ne ya zo, har ina jin daɗi.

Ranar da aka gama ɗaure dammuna aka cika rumbu, na sussuka sabuwar dawa na yi surfe na niƙa, na ɗora tukunya babba. Ƙanshin tuwon ya cika gida, Bello na zagaya murhu kamar kyanwa, Nasiru da ya fara tsayuwa na riƙe da zanena. Ina cikin tuƙi na ji ana jan turmi. Na waiwaya na ga Luba ta kifa shi, ta hau, ta miƙa hannu cikin bunun rufin madafa. Ta sauko ta zo gabana, ta miƙo mini wani busasshen tsinke da hannu biyu. Sai da na dube shi da kyau na gane tsumagiyar nan ce.

“Inna, an ƙare aikin,” in ji ta. “Kin ce in anka ƙare.”

Ta tsaya gabana tana jira. Ni na manta da maganar tun ranar da dashe ya tashi. Ita kuwa da ita take kwana take tashi, tun daga shuka har girbi, tana kallon rufin madafa. Na ajiye muciyar. Na karɓi tsumagiyar na karya ta biyu na tura ƙarƙashin tukunya, ta kama nan take. Na jawo yarinyar na rungume ta da hannuna mai gari, na ji ƙasusuwan bayanta duk a waje, sai kuka ya ƙwace mini. Na ce mata tuwon nan nata ne, ita za ta fara ci kafin babanta. Ta ɗago ta dube ni, ta ga da gaske nake, sannan ta saki nata kukan da ta riƙe wata da watanni. Bello bai san abin da ake wa kuka ba, shi ma ya taya mu. Kafin a kwashe tuwon ta share hawaye ta tambaye ni me ya sa hayaƙi ba ya sauka ƙasa.

Yanzu mun baro Gangara, gonar nan ba a zuwa yadda aka ga dama, kangon Iya kuwa ban san ko katangarsa na tsaye ba. Gwaggo Tumba da maigidan duk sun riga mu gidan gaskiya. Ruwa a gidan nan mai kura ke kawo shi har ƙofa. Amma kaurar tana nan, Bello na shuka ta a ɗan filin da ya samu bayan gari.

Duk wannan ya wuce mini a kai jiya, Luba na tsaye da silifa, yara na maƙale a bayana. Ta ce in ba ta su, ban san wahalar da take sha ba, ga goyo ga tuya ga waɗannan biyun da ba su jin magana. Na ce na sani. Na tambaye ta wa ya dake ta ranar kwalla. Ta dubi silifar da ke hannunta. Na ce ga murhu can da wuta in za ta jefa silifar, sai dai roba ba ta ƙonewa da daɗin wari, gara ta mayar da ita ƙafa.

Ta daɗe tana kallona. Can ta jefar da silifar ƙasa ta zura ƙafa, ta gyara ɗankwali, ta dubi yaran.

“Ku taho ku nuna min inda kunka shuka.”

Da na leƙa an jima, na same ta tsugune bayan banɗaki da goyonta, tana tone ramukan tana rage waken, tana gaya masu uku-uku ake sakawa, ba cikin tafin hannu ba. Ƙosai dai yau ba a yi ba, masu zuwa saye sun koma da kwanoninsu.